Mai Kula da Tafkin Ninkaya: Sana'ar Awon Ruwa da Neman Sauƙin Magani

A Maitama da Asokoro cikin Abuja, da Nassarawa a Kano, da unguwar Filato a Yamai, akwai gidajen da in ka zagaya bayansu za ka tarar da tafkin ninkaya, ruwa garau har kana hango tayil ɗin ƙasa. Maigida ne ya zuba kuɗi ya gina, amma lafiyar tafkin tana hannun wani daban, wato mutumin nan da ke isowa da sassafe a kan babur, ya gaida maigadi, ya wuce baya da doguwar sanda da raga. A gidaje da yawa ana lissafa shi cikin masu shara da ban ruwan fulawa. A ganina wannan rashin sanin darajar aikinsa ne, kuma mai tafkin ne ke biyan kuɗin rashin sanin daga baya.

Abin da ido ke gani na aikin ba shi da wuyar bayani. Ya kwashe ganye da ƙwari da raga, ya goge bango da burushi, ya zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasa, ya buɗe kwandon famfo ya zubar da tarkace. In matatar yashi ta cika da dauɗa, sai ya juya akalar ruwan ya wanke ta ta baya har ruwan da ke fita ya yi haske. Da hunturu ƙura ce abokiyar gabarsa, da damina kuwa gansakuka, wadda kan mayar da tafki kore shar cikin kwana biyu in an yi sakaci. Ga matsalar wuta: famfon yana son ya yi aiki awa shida zuwa takwas a rana, saboda haka dole ya san lokacin da ake tada janareta a kowane gida. Yaro mai himma zai iya koyon wannan duka cikin wata guda.

Inda sana'ar take rarrabe gwani da ɗan koyo shi ne ƙaramin akwatin awo. Abu huɗu ake dubawa. Akwai kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake son ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Akwai awon tsami da ake rubutawa pH, daga 7.2 zuwa 7.8. Akwai alkalin, wanda ke riƙe pH kada ya yi ta hawa da sauka, daga miligiram 80 zuwa 120 a kowace lita. Na huɗun shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato yawan kalsiyam da ke narke cikin ruwan, abin da ake kira taurin ruwa. Ga tafkin siminti ana son ya kasance tsakanin maki 200 zuwa 400, wato miligiram a kowace lita. Akwatin da aka fi samu a hannun masu aikin kwalba biyu gare shi, ɗaya ta juya ruwa rawaya don kulorin, ɗaya ta juya shi ja don pH. Ba ya faɗin komai game da kalsiyam. Shi ya sa tafki kan shekara biyar ba a taɓa auna taurin ruwansa ba.

Ga dalilin da ya sa abin yake da muhimmanci. Ruwan da ba shi da isasshen kalsiyam kamar mayunwaci yake, duk inda ya samu zai ci. A tafki kuwa abincin da ke gabansa siminti ne: shafen bango, da farin simintin da aka cike tsakanin tayil da shi. Sannu a hankali yake lasa. Da farko ka ji bango ya yi kaushi yana kartar ƙafa, sannan layin da ke tsakanin tayil ya fara zurfi, sannan wata rana ƙananan tayil su fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya kira magini ya zarge shi da ha'inci, alhali ruwan da ake yaba wa haskensa ne ya yi ɓarnar. In kuma kalsiyam ya yi yawa, pH ya hau, sai lamarin ya juye: ruwa ya yi fari-fari, farin ɓawo ya kama bakin tafki da cikin bututu, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, yashin matata ya dunƙule.

Wani masanin ruwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, Wilfred Langelier, ya fitar da lissafin wannan a 1936. Shi bututun ruwan gari yake nazari, amma masu tafki suka ɗauki lissafin suna aiki da shi har yau. Ana haɗa pH da alkalin da kalsiyam da zafin ruwan da yawan gishirin da ke narke a ciki, a samu lamba guda. In ta faɗi ƙasa da sifili sosai, ruwan cin siminti yake. In ta haura sosai, ɓawo zai yi. Wani abu a lissafin ya yi mana daɗi a wannan yanki: ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi cin bango ba. Tafkin da ruwansa ke kai digiri 28 ko 30 yawancin shekara ba sai an kai shi 400 ba, 200 zuwa 250 ya wadatar in sauran awon sun daidaita. Wannan kaɗai ya rage kuɗin magani.

Ƙasar da aka gina tafki a kanta ita ke fara yanke hukunci. Abuja da Kaduna da Jos da babban ɓangaren Kano suna kan tsohon dutse mai tauri, irin na Zuma da Aso, wanda ba ya sakin kalsiyam da yawa, don haka ruwan burtsatse a wuraren galibi mai laushi ne, sabulu na kumfa da shi nan da nan. Ruwan dam ma, kamar na Usuma da ke shayar da Abuja, asalinsa ruwan sama ne. A inda ake da dutsen da ake yin siminti da shi kuwa, kamar Kalambaina kusa da Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, ko Malbaza a Nijar, ana iya samun rijiyar da ruwanta ya zo da kalsiyam ɗinsa. Sai damina ta zo ta ƙara nata. Ruwan saman da ke sauka a Abuja cikin shekara ya haura mita ɗaya, kuma kusan babu kalsiyam a cikinsa. Tafki mai zurfin mita ɗaya da rabi, ka ga kusan an sauya masa ruwa ke nan. Duk abin da aka zuba da rani, damina ta sirka shi ta fitar ta bakin magudana.

To, da me ake ɗaga shi? A shagon kayan tafki za a miƙo maka bokiti mai kyakkyawan hoto, an rubuta cewa maganin ƙara taurin ruwa ne, an shigo da shi daga waje, kuɗinsa kuma na bin dala. Juya bayan bokitin ka karanta: kalsiyam kulorayid ne, ba wani abu ba. Sinadarin nan ba na alfarma ba ne. Tun da Ernest Solvay na Beljiyam ya kafa hanyarsa ta yin soda a shekarun 1860, masana'antu ke samun sa a matsayin ragowar aiki, ana kuma tace shi daga ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙar mai suna amfani da shi, magina na sa shi don siminti ya yi saurin kamawa, ana yayyafa shi a hanyar ƙasa don kwantar da ƙura, masu yin cuku ma suna da nasu mai tsabta. A Amurka da Kanada da shi ake narkar da ƙanƙara a bakin ƙofa lokacin sanyi, shi ya sa masu tafki a can suka daɗe da gane cewa buhun maganin ƙanƙara irin su Peladow da Dowflake yana yin aikin da bokitin shago ke yi, a kan kuɗi kaɗan. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da 'yan kemikal. Daga kasuwar Ojota a Legas zuwa masu sayar wa kamfanonin mai a Fatakwal, ana samun sa a buhu mai kilo 25.

Ina goyon bayan wannan hanya, da sharaɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma buhun da ba a san cikinsa ba ya fi bokitin shago tsada a ƙarshe. Ko a Amurka, wasu magungunan ƙanƙarar gauraye ne da gishirin miya da magniziyam, wasu an sa musu launi ko maganin tsatsa, wasu kuma suna ɗauke da buromayid, wanda ke sa kulorin ya riƙa ƙarewa da wuri a rana. Abin da gwani ke nema a jikin buhu lamba ce. Iri biyu aka fi samu: mai fale-fale kamar ɓawon kifi, ƙarfinsa kashi 77 cikin ɗari ko kusa da haka, da mai ƙwaya-ƙwaya, kashi 94 zuwa sama. In an ɗure shi a leda babu rubutu, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Cokali ɗaya a rabin kofin ruwa zai sa kofin ya ɗauki zafi, gishirin miya ba ya haka. Wanda ya fi wannan tabbaci: a auna giram 2 da ƙaramin sikeli irin na masu zinare, a narkar a jarka mai lita 20, a gwada taurin ruwan kafin da bayan an zuba. Mai kashi 77 zai ɗaga awon da kusan maki 70, mai kashi 94 da kusan 85. In ya gaza haka nesa, an yi masa haɗi, ko kuwa ya sha danshi. Sinadarin mayen danshi ne. Buhun da aka bari a buɗe da damina yakan zama ruwa ko ya daskare kamar dutse.

Lissafin kansa ɗan firamare zai iya. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin 4, zurfin 1.5, yana cin lita 48,000, a ce dubu hamsin. Don ɗaga lita 10,000 da maki 10, ana buƙatar kimanin giram 145 na mai kashi 77, ko giram 120 na mai kashi 94. In awo ya nuna 80 ana son a kai 250, maki 170 ke nan, wato kilo 12 da ɗan ɗori na farkon, ko kilo 10 na biyun. Rabin buhu. Wanda ya taɓa tambayar kuɗin ƙananan bokitan shago da za su tara kilo 12 zai gane dalilin da ya sa mai kula da tafki biyar ko shida ya gwammace ya ajiye buhunsa.

Zubawar ma da ƙa'idarta. Ana fara cika bokitin roba mai kauri da ruwan tafki, sannan a riƙa barbaɗa sinadarin kaɗan-kaɗan ana juyawa da sanda. Ba a zuba ruwa a kan tulinsa, don zafin da yake fitarwa ya isa ya ƙona hannu, ya kuma fantsama a ido. Safar hannu da tabarau wajibi ne. A zagaya tafkin ana zubawa, famfo na aiki. Masu hankali kan raba shi kashi uku, su zuba ɗaya, su bari sai gobe su sake awo. Dalili shi ne kalsiyam in ya shiga ba ya fita: rana ba ta ƙona shi kamar kulorin, matata ba ta tace shi, ruwan da ke tashi sama da zafi kuma barin sa yake a baya. In ya wuce kima, sai dai a zubar da wani ɓangare na ruwan a sayo tanka. Kuma ba a haɗa shi rana ɗaya da soda ko bekin soda, waɗanda ake zubawa don ɗaga pH da alkalin. Wanda ya yi haka zai wayi gari tafki ya koma fari kamar an zuba madara, domin su biyun sun haɗu sun zama alli.

Nan ne ake yawan faɗawa rami, don duk abin da aka ji yana da kalsiyam sai a ce a gwada. Alli da garin farin dutse da ɓawon ƙwai duk suna da shi, amma ba sa narkewa a ruwan tafki sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Za su kwanta a ƙasa su toshe matata. Farar ƙasar da ake shafa wa bango tana cilla pH sama ta dagula ruwa. Hodar POP ta masu silin tana ɗan narkewa, sai dai tana shigo da salfet, shi kuma salfet in ya taru simintin yake lalatawa, wato abin da ake neman karewa. Kanwa kuwa babu ruwanta da wannan aiki sam. Danginta soda ne, tana ɗaga pH da alkalin, kuma maimakon ta ƙara kalsiyam, sauko da wanda ke cikin ruwan take yi. Alam yana tattara datti ya kwantar da shi, amfaninsa ke nan, ba ya ƙara tauri.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda ba a sayen komai sabo. Garin kulorin da kowa ke kira HTH, wanda ke zuwa a durom mai kilo 45, shi kansa da kalsiyam aka yi shi. Duk maki 10 na kulorin da ya bayar, yana barin kimanin maki 7 na kalsiyam. Tafkin da ke shan maki 2 na kulorin kullum, cikin wata guda ya samu ƙarin kusan 40. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar rani, tafkin da ya fara da 80 zai iya kaiwa 250 da kansa. Ƙwayar kulorin mai kama da sabulu da ake jefawa a kwando kuwa ba ta da kalsiyam ko kaɗan, ga ta da tsami, tana jan pH da alkalin ƙasa. Ruwa mai laushi, ga ƙwaya kullum, ga damina: babu haɗin da ya fi wannan saurin cinye simintin tayil. Ƙwayar tana da nata amfanin, don tana barin wani sinadari da ke kare kulorin daga rana, amma shi ma taruwa yake har ya rage wa kulorin ƙarfi. Gwani yakan san lokacin da zai koma gari da lokacin da zai koma ƙwaya, kuma awo ne ke gaya masa. Haka nan in akwai rijiya mai ruwa mai tauri a kusa, cike tafki da ita wata hanyar ce, muddin ruwan ba mai jan ƙarfe ba ne da zai ɓata tayil.

A nan dole in tsaya kan wani gargaɗi, don rai ya fi tayil. Garin HTH da ƙwayar kulorin ba sa haɗuwa a mazubi ɗaya, ko da cokalin awo ne. Haɗuwarsu da ɗan danshi na iya tada wuta ko fashewa. Asid ɗin da ake sauke pH da shi da kulorin kuma in suka gamu suna fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Sau da yawa duk kayan nan a ɗan ɗakin famfo ɗaya ake jibge su, babu taga, wani lokaci ma kusa da jarkar man janareta. Mai gidan da ya iya gina tafki zai iya gina kanta biyu da taga.

Ba kowane tafki ne ke buƙatar wannan ɗawainiya ba. Na roba da ake kafawa a tsakar gida, da na faiba da ake binnewa, ba su da simintin da ruwa zai ci, don haka ƙarancin kalsiyam bai cika damun su ba. Mai kula na gari zai faɗa wa maigida haka, ko da ya rasa ɗan abin da zai samu wajen sayo magani.

Yawanci a otal ake koyon sana'ar, ko a bayan wani maigida da ke da gidaje da yawa a hannunsa. Yaro ya fara da riƙe sanda da jan bututu, a hankali a bar masa makullin ɗakin famfo. Abin da ake gadar masa sau da yawa awon ido ne: gwangwani biyu na wannan, ɗaya na wancan, in ruwa ya yi kore a ninka. Ana cin abinci da hakan, amma ba a wuce nan. Wanda ya sayi akwatin awo cikakke, irin na Taylor da ake ɗiga magani ana ƙirgawa, ya shiga wani matsayi. Gwajin kalsiyam ɗin ba ya cin minti biyar: a ɗebi mililita 25 na ruwa, a sa magungunan farko ya koma ja, a riƙa ɗiga na ƙarshe ana kaɗawa har ya juye shuɗi, kowane ɗigo maki 10. 'Yar takardar da ake tsomawa ta fi araha, sai dai tana haɗa kalsiyam da magniziyam ta ba da jimla, don haka ba a dogara da ita wajen sayen rabin buhu. Sau ɗaya a wata ya isa, da kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi. A samu littafi a riƙa rubuta kwanan wata da awo da abin da aka zuba. Bayan shekara guda littafin nan zai nuna wa mai shi watan da tafkin ke sauka da watan da yake hawa, ya sayi kayansa tun kafin buƙata ta taso.

Samarinmu da suka karanta kimiyya a sakandare ko kwalejin fasaha suna zaune babu aiki, ga sana'a da jarinta bai wuce babur da sanda da akwatin awo ba, kuma otal-otal da makarantu da gidaje sai ƙara gina tafki suke. Ku kuma masu tafki, kafin damina mai zuwa ku tambayi mai kula da naku nawa taurin ruwan yake. In ya ce ba shi da abin aunawa, ku saya masa, ku ba shi kuɗin buhu mai rubutu a jiki, ku kuma biya shi albashin mai sana'a. Kuɗin duka ukun bai kai na sake tayil ɗin bango ɗaya ba.